Kiran Asuba a Hanyar Tchibarakaten

Akokan, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Zulaihatu, jikar yayana Siddiƙ, matata ta Yamai.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta daina jin magana. 'Yata Hansai tana gaishe ki. Mijinta Aghali ya dawo daga Tchibarakaten, wurin haƙar zinariya, shekaranjiya, shi da motarsa ta ruwa, ba abin da ya same shi, alhamdu lillahi. Sai da na ga ƙafarsa a ƙofar gida tuwo ya yi mini daɗi.

Zayyadu tela ne ke riƙe da bik yana rubutawa, ni nake faɗa. Ya ce me ya hana in kira ki a waya kamar kowa. Na ce masa maganar da nake so a ajiye ba na zuba ta cikin waya. Direban kar, babbar motar fasinja, zai kawo miki takardar har biro, wurin aikinki.

Kin tuna akwatin nan nawa na magana da motocin daji, wanda kika murɗa kina 'yar shekara shida na kore ki da carbi? Shekara arba'in da huɗu ke nan, kowace safiya bayan sallar asuba nake kunna shi, in kira motocin da ke hanya ɗaya bayan ɗaya. Da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, kamfanin jigilar da nake wa aiki ya watse, shugaban garaji ya ce in ɗauki akwatin tunda ba mai so. Yanzu motoci bakwai suka rage masu irinsa, duk masu kai ruwa da abinci wurin masu haƙar zinariya. In ka bar Arlit ka yi gabas da arewa, babu rezon waya, babu gari, sai Allah sai wannan akwati. Direba ya amsa, na san ya kwana lafiya. Ya yi safiya biyu bai amsa ba, na san inda ya kwana na ƙarshe, in ta da mota a bi shi.

To, tun bayan Babbar Salla wata mace ta shigo mini. Daidai lokacina, daidai wurina. Ina cewa "Aghali, Aghali, ga Akokan", sai ta hau kaina da Larabci da Tamajak, yaren Buzaye, tana ƙirge-ƙirge kamar mai sayar da goro. Ban tsaya jin abin da take ƙirgawa ba, ba ruwana. Na yi mata magana da Hausa, na yi da Tamajak, na yi da ɗan Faransancin garaji. Da ta ƙi, na ɗauko farantin shayi ina bugawa a bakin abin magana har ta yi shiru. Washegari ta dawo. A tafiyar nan ta ƙarshe, safiya uku ban ji muryar Aghali ba saboda ita. Hansai ta rame a kwana ukun nan, da idona na gani.

An ce aikinki a Yamai shi ne raba wa mutane wuraren magana a cikin iska. Ban san yadda ake raba iska ba, ban yi karatun lakol ba. Amma na san rijiya. Wannan wuri rijiyata ce, ina jan ruwa a cikinta tun uwarki ba ta yi wayo ba. Ki nemo matar nan ki gaya mata ta kora dabbobinta gaba.

In kin yi mini wannan, na yafe miki tuwon da kika ƙi zuwa ki tuƙa mini shekara biyar.

Kakanki, Muktari.


Yamai, 24 ga Oktoba

Zuwa ga Kaka Muktari, angona mai gardama.

Na samu takardarka, na ji daɗin lafiyarku da dawowar Aghali. Mu ma lafiya. Gwiwar nan ka kai ta likita, ka bar shafa mata man mota.

Kaka, zauna kafin Malam Zayyadu ya karanta maka sauran.

Sati uku kafin takardarka ta iso, an ajiye wata takarda a teburina, daga biron 'yan'uwanmu na ƙasar da ke arewa da ku. Suna kukan cewa wani wanda ba a san ko wane ne ba, daga wajen Arlit, yana hana mutanensu magana kowace safiya. Sun haɗo da muryar da suka ɗauka. Aka kunna a gaban mutum shida. Sai ga ƙarar faranti, sai ga wani tsoho yana cewa, "Ke mai surutu, tashi daga rijiyata!" Shugabana ya juyo ya ce, Madam, me yake faɗa? Na fassara masa ban ɗaga kai ba. Da na koma gida na yi dariya har maigida ya zaci aljanu ne, daga baya kuma na yi kuka, don na yi kewar muryar nan.

Ga yadda abin yake. Wurin da kake magana, mu zango muke ce masa. Iska ba ta san iyaka ba, muryarka tana tsallaka ƙasa uku kafin ka aje kofin shayi. Shi ya sa ƙasashen duniya suke zama su raba zanguna, kuma akwai babban littafi a Janeba inda ake rubuta na kowa. Kamfaninku yana da izini a kan wannan zango. Da ya watse, izinin ya faɗi, aka mayar da wurin, maƙwabta suka nema wa ƙananan likitocinsu na daji, muka yarda. Matar da kake kora sunanta Fadimata, ungozoma ce a wani ƙauye bayan iyaka. Abin da take ƙirgawa magani ne da ya rage mata, da matan da suka haihu, da wanda ya kamata a zo a ɗauka.

A takarda, Kaka, kai ne baƙo a rijiyar.

Don Allah ka aje farantin. Za a turo mutum biyu daga Agadas su ga akwatin su auna shi. Ka nuna musu komai. Kuma ka sa Malam Zayyadu ya rubuta mini sunayen duk waɗanda aka ceto ta dalilin kiran nan, na san suna kanka kaf.

Ni zan yi tafiya sati biyar, babban taron ƙasashe ne kan rabon zanguna. Abin da muke zuwa nema shi ne a bar wa ƙasashe irin tamu wuri, har wata rana mai mota a tsakiyar Tenere ya ɗaga waya ya kira gida. Kafin ranar ta zo, na san akwatinka ne. Ban manta ba.

Jikarka, Zulaihatu.


Akokan, 12 ga Nuwamba

Zulaihatu,

Muna lafiya. Ina fata kina lafiya.

Zayyadu ya karanta mini takardarki sau uku. Wurin nan na "su ga akwatin su auna shi" na sa ya maimaita sau biyar. Ke yarinya ce, ba ki san wannan magana ba, ni na san ta. Shekarun tashin hankali, haka aka zo aka ce wa abokina Amastan za a ga akwatinsa a auna. Ranar Talata ce, ana saura kwana huɗu azumi. Ya ba su da hannunsa, har da shayi ya dafa musu. Ya mutu bai sake ganin akwatin ba, kuma a shekarar motoci biyu suka ɓata ba wanda ya san inda suka kwana.

Mutanenki sun zo ranar Laraba, cikin farar mota mai ƙahoni a sama. Sun tarar da ni ina ba awaki dusa. Suka ce, Baba, mun zo batun rediyo. Na ce wace rediyo? Ni mai awaki ne. Suka dubi sandar antan ta kama magana da ke kan soro, na ce ta shanya ce. Zayyadu yana gefe yana tari kamar zai mutu. Suka ce akwai takarda, na ce ban iya karatu ba. Suka tafi.

Akwatin yana inda ba mai ganinsa. Ba zan faɗa a takarda ba.

Yau safiya biyar ban yi kira ba, don an ce motar nan tana jin inda murya ke fitowa. Aghali ya tashi ranar Alhamis da ruwa cike. Na ce ya jira, ya ce mutane na can suna jiran ruwa, ba za su sha gardamata ba. Hansai tana aje mini abinci ta juya baya.

Na kai ƙara wurin jinina, jinina ya turo mini mota mai ƙahoni. Sunayen da kika ce a rubuta, ba zan bayar ba.

Muktari.

Ni Zayyadu mai rubutu, na ce mishi ba haka takardarki ta ce ba. Ya ce in rubuta abin da ya faɗi ko shi kai aikin wurin wani tela. Akwatin na cikin buhun hatsi, ɗakin awaki.


Akokan, 21 ga Nuwamba

Zuwa ga Zulaihatu, matata ta Yamai, in har ba ki sake ni ba.

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, dukanmu, ki fara jin wannan. Aghali yana ɗaki yana barci, leɓensa ya tsage amma da ransa. Na san ba kya nan, takardar za ta jira ki a tebur. Ba zan iya jira ba ni.

Safiya ta tara da na yi shiru, na idar da salla na zauna a kan buzu, hannuna yana neman abin murɗawa babu. Hansai ta fito ta tsaya a kaina. Ta ce, "Baba, yau kwana takwas da tafiyarsa. In ba za ka yi magana ba, ko saurare ba za ka yi ba?" Ta shiga ɗakin awaki da kanta ta jawo buhun. Ashe kowa a gidan nan ya san inda na ɓoye shi, har awakin.

Muka haɗa batir. Na ce saurare kawai zan yi. Ina murɗawa sai ga matar nan. Na kai hannu wajen faranti don sabo, Hansai ta riƙe mini hannu. Sai na ji ba ƙirga take yi ba. Hausa take yi, irin ta wanda ya koya a kasuwa:

"Tsoho na Arlit, tsoho na Arlit, kana ji? Mota naka na ruwa ya lalace. Mutum uku. Aghali ya ce gabas da dutse mai baki biyu. Tsoho na faranti, ka amsa."

Zulaihatu, safiya uku ke nan tana wannan kira. Aghali yana ta nemana, batir ɗinsa ya yi rauni, muryarsa ba ta kai ko'ina sai wurinta. Ta gaya wa mutanenta, suka ce ba su san wani dutse mai baki biyu ba, ba ya cikin taswirarsu. Ba zai kasance ba, mu muka sa masa sunan, ni da Amastan, shekarar da aka yi farin ɗango. Sai ta riƙa barin maganin nata da masu haihuwarta, tana cinye lokacinta wajen kiran mutumin da ya yi wata huɗu yana buga mata faranti a kunne.

Na danna abin magana. Da ƙyar na ce, "Ga Akokan. Na ji." Ta ce, "Alhamdu lillahi! Ina ka tafi? Na ce ko ka mutu." Na ce ban mutu ba, ina cikin buhu. Ba ta gane ba, ban kuma yi bayani ba.

Kafin hantsi Rhissa makanike ya tashi da ƙaramar mota. Na gaya masa ya bar babbar hanya a inda ƙasa ta koma ja, ya sa dutsen a kafaɗarsa ta hagu. Washegari da la'asar ya same su a ƙarƙashin mota. Ruwan sha ba su rasa ba, tunda shi suka ɗauko, amma abinci ya ƙare, kuma ɗaya daga cikinsu zazzaɓi ya kama shi har ba ya gane mutane. Yana likitar Arlit yanzu, ya soma cin abinci.

Da na yi kira kamar kullum, da tun safiyar farko na ji shi. Wannan ba sai an gaya mini ba. Zayyadu ya buɗe baki zai gaya mini, na ce ya rufe.

Sunayen da na hana ki, ga su a takarda ta biyu. Jiya tun hantsi har la'asar ina faɗa yana rubutawa, ya ce hannunsa ya mutu. Mutum sittin da uku, kowa da shekararsa da wurin da aka same shi. Littafinku na Janeba ya zo mu gwada. Uku na ƙarshe na sa an rubuta a gabansu: ba Muktari ba, Fadimata.

In mutanenki za su dawo su ɗauki akwatin, su zo. Roƙona ɗaya, su bar shi hannun wanda zai riƙa kunnawa da asuba.

Kakanki, Muktari.


Yamai, 20 ga Disamba

Kaka,

Na dawo lafiya, na tarar da takardunka biyu. Na karanta ta farko raina ya ɓaci, na karanta ta biyu na rufe ƙofar biro don kada a ga fuskata. Allah mun gode. Ka gaishe mini da Hansai, ka ce mata ita ce mai hankalin gidan.

Yanzu bari in yi faɗana. Mutanen da ka ce wa kai mai awaki ne, takardar izini ce a cikin motarsu. Na roƙi shugabana a yi wa direbobinku izini da sunan ƙungiyarsu, kai ne mai kira. Abin da ya rage kawai su ga lambar akwatin, su auna kada muryarka ta zuba cikin zangon wasu. Laifina ne da ban rubuta haka ƙarara ba, ban so in yi alkawari kafin a sa hannu. Ban san labarin Amastan ba. Sun rubuto a rahotonsu cewa sun ga sandar shanya mafi tsawo a jihar Agadas.

A wurin taron, manyan ƙasashe suna ta ja-in-ja a kan zangunan waya da na taurarin ɗan'adam, mu ma mun ja namu, mun samu abin da muka samu. Maganarka kuwa a wajen shan shayi aka yi ta, ni da mutum biyu na maƙwabta. Na zo da shirin roƙo. Kafin in fara, babbansu ya ciro takarda ya ce, ungozomarsu da ta kai ƙara ta sake aiko saƙo: tsohon ya yi shiru, a bincika ko lafiya, kuma kada a kore shi, don masu mota ba su da kowa sai shi. Ya ce shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa ganin mai ƙara yana cigiyar wanda ya kai ƙara ba.

Mun yi yarjejeniya, biro biyu sun sa hannu. Zangon nasu ne, amma an ba ku rabin awa kowace safiya. Kai ne farko, daga ƙarfe shida zuwa shida da rabi, sannan ita. Sunaye sittin da ukun nan na liƙa su a bayan takardar.

Mutanen za su dawo bayan sabuwar shekara. Ka fito da akwatin daga hatsi, ka kakkaɓe shi.

Matarka da ba ta sake ka ba tukuna,
Zulaihatu.


Akokan, 15 ga Janairu

Zuwa ga Zulaihatu, jikar Siddiƙ, wadda ta fi kakanta Siddiƙ kai, Allah ya ji ƙansa.

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Gwiwa na kai ta likita, sun ba ni wani mai da bai kai na mota ba.

Mutanenki sun zo. Na yanka musu ɗan akuya, tunda sun san ni da awaki. Suka auna akwatin, ƙaramin ya ce tsoho ne amma muryarsa tsaf take, na ce haka muke. Sun ciro ƙwayar hatsi goma sha ɗaya daga cikinsa. Takardar izini tana jikin bango, Hansai ta sa mata leda.

Sai dai akwai gyara a yarjejeniyarku. Kun rubuta ni ne farko, sannan ita. Wannan ba daidai ba ne, kuma ba zan yi ba. Na yi shekara hamsin ina tsayawa a rijiyoyin Abzin, ban taɓa ganin baƙo ya sa guga kafin mai rijiya ba. Mai rijiya ya shayar da nasa, baƙo yana tsugune da igiyarsa, in an gama a ce masa bismilla. Ke da bakinki kika ce ni ne baƙo. Na gaya wa Fadimata haka, ta ce takarda ta ce ni ne farko. Na ce takarda ba ta taɓa jan ruwa ba. Muka yi safiya biyu kowa yana cewa ɗaya ya fara, direbobi suna ta zaginmu daga daji. A ta uku ta gaji ta fara. Direbobin na ce su sha shayinsu kafin lokacinmu, rabin awa ba ta kashe kowa. In akwai wanda ke cikin wahala, ya shigo ko a tsakiyar maganar wa, mun yarda da wannan mu biyu.

Saboda haka ki gaya wa biron nan biyu su gyara takardarsu. Zayyadu ya ce ƙasa biyu ba za su sake zama don tsoho ɗaya ba. Na ce to su bar ta a karkace, mu dai mun miƙe.

Wanda ya gurɓata wa wani ruwa, ba da baki kawai yake ba da haƙuri ba. Na ba Aghali kan sukari biyu da shayi mai kyau, zai ba wani ɗan kasuwa a Tchibarakaten da ke bi ta ƙauyensu. Na sa farantin a cikin ƙullin. Ya lotsa ta gefe ɗaya, za ta gane shi.

Wayar da kika ce wata rana za ta kai tsakiyar Tenere, ku yi sauri, ina so in gani in kushe.

Yanzu kullum ina zaune tun shida, akwati a kunne, bakina a rufe. Zayyadu ya ce wannan ne abin mamakin da ya fi rufe rami. Ina jin ƙirgarta. Maganin zazzaɓi ya kusa ƙare mata, an ce za a kawo ranar Lahadi. Yau ta ce an haihu biyu a daren jiya, mace da namiji, duk lafiya. Tun da na fara saurare sun zama tara, ina riƙe da su. Da ta gama ta ce, "Tsoho, na sha. Bismilla."

Na danna na ce, "Aghali, Aghali, ga Akokan."

Ya ce, "Na ji ka, Baba. Mun kwana lafiya."

Kakanki, Muktari.